Fedar Jitar Da Na Zaɓa Maka

Aikin farko na yau: in sayo batir mai kusurwa huɗu, sabo fil, in gwada shi a feda. Na sayo. Na gwada.

Zuwa ga aminina Isyaku,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka irin gaisuwar da muka saba, duk da na san takardar nan ba za ta iso hannunka ba, kuma babu wanda zai karanta maka ita. Ko kana raye ma ba na jin za ka karanta, ka sha cewa rubutuna ya fi na magatakardan kotu tsawo. A littafin shago nake rubuta ta, wanda nake zana wayoyin rediyo da amfilifaya a ciki. Na faro daga bangon baya, don kada wani ya buɗe yana neman zane ya ci karo da ita.

Labarin gida tukuna, don na san shi za ka fara tambaya. Innarka tana nan, gwiwoyin ne dai suka ƙara matsa mata, a zaune take salla yanzu. Rabi ta gama takaba ta koma gidansu a Sabon Birni. Ummi ta fara tafiya, kuma da ƙafar hagu take fara takawa kamar ubanta. Gonarka ta bakin rafi ni na sa mata masara a bana. Ta yi kyau daga gabas, daga yamma ruwa ya kwanta mata. Ban sani ba ko ni na yi kunyar ba daidai ba. Jitarka tana shagona a rataye, cikin rigar da Rabi ta ɗinka mata da ragowar atamfa.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne Lado, mawaƙinmu. Ya zo ranar kasuwa ya zauna a bencin da kake zama, ya ce ya samu wani mutumin garin Kara mai kaɗa jita, magidanci ne, hannunsa ba laifi, kuma an ba su biki bayan girbi. Ya ce abu ɗaya ya rage musu, feda. Ya ce duk Gwarzo da Kabo babu mai kunnen zaɓen feda irin nawa, in zaɓa musu kamar yadda na zaɓa maka. Haka ya faɗa, Isyaku, kamar yadda na zaɓa maka. Yana faɗa yana kallona da idon amana. Saura kaɗan in kwaɗa masa filayar da ke hannuna a baki.

Ka tuna yadda muka fara neman ta? Kai ne ka dame ni da kiɗan jitar mutanen Nijar da kake ji a waya, ka ce taka jitar tana magana kamar mai jin kunyar suruki, tasu kuwa tana ihu. Na ce maka ba a jitar abin yake ba, akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da suke takawa, wato feda, irin wanda ake kira obadiraib, shi ke sa sauti ya yi zafi ya dusashe kamar muryar wanda ya wuni yana kiran shanu. Kai ka ce sunan ya yi maka tsawo, ka raɗa mata mai zafi. Amma mu ba mu da halin tara fedoji a gabanmu. Guda ɗaya za mu saya, kuma dole ta yi mana komai: ta yi laushi a yinin biki inda mata ke son su ji waƙa su yi guɗa, ta yi ɗan kaushi in samari sun shigo fili, ta yi ihu in an zo rufewa. Ni wannan na riƙe. Kai ihun kawai ka riƙe.

Mai kayan gwanjon nan da ke kawo mini tsofaffin sifiku daga Kano ya zo mana da guda uku a buhun shinkafa, ya ce mu gwada mu mayar masa da biyu. Ja, baƙa, da shuɗiya. Jar kana takawa sai ka ji kamar an yage kwanon rufi. Murya ɗaya gare ta, ko ka mayar da maɓallin zafin ƙasa sosai haushi take. Baƙar tana da daɗi, tana da ɗumi, amma ko ka murɗe ta har ƙarshe ba ta iya ketowa ta cikin ganga, sai ta nutse. Shuɗiyar maɓallai uku gare ta, na ƙarfin murya, na kaifi, da na zafi, kuma tsakanin farkon na zafin da ƙarshensa akwai tafiya mai nisa.

Kwana tara na yi ina gwada su, yana nan a rubuce a shafukan gaba. Na sa ka taɓa tsirkiya a hankali in ji ko sautin zai wanke, sannan ka doke ta in ji ko zai fashe. Na sa ka kaɗa masu kaurin kaɗai in ji ko za su cakuɗe su zama taɓo. Na sa aka buga ganga na fita har bakin masallaci in ji wacce ke isowa. Na gwada ko in an kashe feda tana cinye wa jita murya. Na auna nauyin jikinsu a tafin hannu, don na san ƙafarka ba ta da tausayi. A kowane gwaji na ja layi na ba su maki. Shuɗiyar ba ta zo ta ɗaya a ihu ba, ba ta zo ta ɗaya a laushi ba, amma ita kaɗai ce ba ta faɗi a ko'ina ba. Kai kana zaune kana cin gyaɗa kana ce mini malamin makarantar feda.

Rana ta tara muka yi faɗa. Mu biyu, manya da gemu, a kan akwatin da bai kai tafin hannu biyu ba. Ka ce ni ban taɓa tsayawa gaban mutane na ji yadda fili ke mutuwa a hannun makaɗi ba, a bayan sifika nake rayuwa kamar ɓera. Na ce kai ba kiɗa kake so ba, so kake a ce ka fi kowa ƙara. Ka fizge littafin nan ka jefa shi a kwata. Na shaƙe ka da wayar jita, na ja har idonka ya yi ja. Ka kai mini gwiwar hannu a baki, haƙorina na gaba ya karye, har yanzu rabi ne. Muka faɗa kan teburin gyara, rediyon wani bawan Allah ta tarwatse. Masu shayi ne suka raba mu. Na tofar da jini na ce in ka ɗauki jar ka nemi wani mai haɗa maka kaya. Ka tsaya kana haki kana shafa wuya, sannan ka yi dariya, ka ce to a ba ɓera shuɗiyarsa.

Na ci nasara. Ina so ka san na ji daɗin nasarar nan fiye da yadda ya kamata. Na busar da littafin a rana shafi shafi, ina murmushi da kumburarren leɓe.

Kuma ka zo ka so ta, kada ka ce ba ka so ta ba. Sati biyu ka gano abin da ni ban rubuta ba. Tun da ita ɗaya za ta yi aikin uku, dole a riƙa murɗa maɓallin zafin a tsakiyar waƙa, hannuwanka kuma duk suna kan jita. Sai ka cire takalmi, ka koyi murɗa shi da babban ɗan yatsan ƙafa. Mutane suka ɗauka salo ne. Mata suna nuna ƙafarka suna dariya, Lado har baiti ya yi mata. Ni na ga ƙafar nan tsirara a kan ƙarfe sau nawa? Ni da na yi shekara ashirin ina taɓa wuta, ban ga komai a ciki ba sai hujjar cewa zaɓina ya yi.

Matsala ɗaya ta fito. In ka kai zafin sama ka saki tsirkiya, sai wani gurnani ya cika sifika, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. A shago kaɗan ne, a fili da janareta kuwa har Lado yana juyowa. Ranar jajiberin bikin Kabo ka ce mini in cire adaftar nan da muke ba ta wuta da ita in sa mata batir mu ji. Na ƙi. Na ce batir yana mutuwa a tsakiyar waƙa, na ce na riga na rubuta cewa adafta ta fi, na nuna maka layin. Ka ɗaga kafaɗa ka ce da jar ce da ba mu ji wannan ba. Ba da faɗa ka faɗa ba, da tsokana ne, kana ɗaure rigar jita. Ka tafi gona.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba.

Bayan ka tafi na kwance filogin amfilifayarka, akwatin da ke ƙara wa jita ƙarfi ya kai sifika. Wayoyi uku ne a ciki, ka sani ko ba ka sani ba. Biyu suna kawo wuta. Ta ukun, koriya, ba ta kawo komai, aikinta in wuta ta ɓalle ta hau jikin ƙarfe ta janye ta zuwa ƙasa, fis ya ƙone, mutum ya tsira. Masu gyara da yawa suna yanke ta in gurnani ya dame su, na ga ana yi, na kuma zagi masu yi a gaban almajiran sana'a. Na sa filaya na datse ta. Na kunna, gurnanin ya ragu da kusan rabi. Na naɗe guntun da baƙin tef na tura shi ciki, na ɗaure filogin na goge shi da tsumma. Minti biyar bai cika ba. Ban rubuta a littafi ba. Duk abin da na yi a shagon nan tun da na buɗe shi yana rubuce, har canjin fis, amma wannan ban rubuta ba. Ashe tun a lokacin na san abin da na yi.

Ba don mutane na yi ba, Isyaku. Masu rawa ba sa jin gurnani. Don kada ka sake cewa da jar ce na yi.

Washegari an yi ruwa da hantsi a Kabo, ya ɗauke kafin azahar, fili ya yi danshi. Masu biki sun ɗauko janareta da mai shi daga Durun, Malam Tukur, dattijon nan da ya sayar da shanun gadonsa biyu ya sayi janareta yake bayar da haya. Ka san halinsa. Duk inda ya je sai ya kafa rodi a ƙasa kusa da inji, ya ɗaura masa waya, ya zuba ruwa a gindinsa. Samari suna masa dariya suna cewa Malam yana shuka ƙarfe, yaushe zai yi 'ya'ya. Shi ko ya ce haka wanda ya koya masa ya ce a yi. A duk filin nan ni kaɗai na san daidai yake yi. Shi ya kafa ƙasar da za ta cece ka. Ni na yanke hanyar da za ta kai ka gare ta.

Bayan la'asar ne. An gama na mata, samari sun shigo, Lado ya ɗaga maka hannu. Ina tsaye bayan sifika ina kallon ƙafarka ta dama a kan feda, ta hagu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ka murɗa. Jitar ta yi ihun da ka shekara kana nema, fili ya ɗauka. Sai ihun ya ƙi sauka. Na ga bayanka ya sandare, wuyanka ya ja baya, yatsunka sun damƙe tsirkiyoyi sun ƙi saki. Mutane suka ɗauka salo ne, wallahi suka ƙara tafi, wata mata ta taso za ta manna maka kuɗi a goshi. Haƙoranka suna haɗuwa, na ji su ta cikin kiɗa. Na ji ƙaurin fata. Ni da na san inda filogi yake, taku uku daga inda nake, na tsaya kamar an kafa ni. Malam Tukur ne ya ruga ya kashe inji. Da sautin ya mutu ka faɗi ta fuska, jitar a ƙarƙashinka. Tsirkiyoyi sun zana layi huɗu baƙaƙe a yatsunka na hagu. Ni na wanke su da hannuna washegari, ba su fita ba.

Kafin a sa ka a mota wani ya yi ihu cewa ga abin da ya jawo, ga rodin da tsohon nan ya kafa, ga ruwan da ya zuba, shi ya tura wuta cikin ƙasa ta bi danshi ta kama ka. Kowa ya ga rodin, kowa ya ga ruwan, kowa ya yi masa dariya ɗazu. Maganar ta zauna daram. Suka yi kansa. Na ga an fasa masa benci a baya. Na ga wani ya tattaka masa fuska da takalmin roba, hularsa ta nutse a taɓo. Yana kare kai yana kiran sunan Allah, yana kuma kiran sunana, yana cewa Bashari ya sani, a tambayi Bashari, shi mai gyara ne.

Mutane suka juyo suna kallona. Da kalma ɗaya zan raba shi da su. Amma in na ce ba rodin ba ne, tambaya ta gaba ita ce to mene ne, kuma amfilifayar tana nan a bayana da filoginta. Na taka na je na tumɓuke rodin daga ƙasa. Ya ɗago hannun dama yana nufin in kama shi in tashe shi. Na sauke masa rodin a damtse da hannu biyu. Na ji ƙashin ya amsa. Na ƙara a wuri ɗaya. Na uku ya same shi a kunne. Sai da dattawa suka riƙe ni ta baya, suna cewa a yi mini uzuri, amininsa ne, zafin rashi ne. Ba zafin rashi ba ne. Rufe masa baki na yi. Kai kana kwance a bayan mota ko rufe maka ido ba a yi ba, ni ina can ina kare kaina da ƙashin dattijo.

Ranar uku, bayan an shafa addu'a, na kulle kaina a shago da rana tsaka na buɗe amfilifayar. Wata tsohuwar waya a ciki robarta ta narke ta jingina da jikin ƙarfe. Daga nan wuta ta bi wayar jita, ta bi feda, ta hau tsirkiya. Da koriyar tana nan da fis ne zai mutu, ka juyo ka zage ni, mu canza shi mu ci gaba. Na auna da mita sau uku ko zan samu wata amsa. Sannan na ɗora shuɗiyar a kan dutsen ƙofar baya na bi ta da guduma. Maɓallan suka yi tsalle, jikin ya lotse, ban daina ba sai da na fasa babban yatsana. Na zuba tarkacen a masai. Filogin kuwa na kasa jefarwa. Yana cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin tebur, da tef ɗinsa yadda na naɗa.

Magana ta je gaban manya aka ce a yi sulhu, ƙaddara ce, amma Malam Tukur ya zo ya ba Inna haƙuri. Ya zo, hannu a ɗaure da karan ɗori, rabin fuska a kumbure. Ni na ɗaga masa labulen zaure. Ya durƙusa a gaban Inna ya ce bai san rodin zai yi haka ba, shi an ce masa kariya ce, ta yafe masa don Allah. Ya yarda, Isyaku. Mun doke shi har ya yarda shi ya kashe ka. Da zai fita ya tsaya ya ce da ni in yafe masa shi ma, ya raba ni da ɗan'uwa. Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Bakina bai karye ba da na faɗa.

Hannun ya ɗoru a karkace, ba ya iya riƙe fartanya. Kunnen ya mutu. Ba mai ɗaukar injinsa, ko suna ake yi a Durun gara a kawo daga wani gari. An ce da ya wuce sai a ce ga mai shuka wuta nan. Ranar kasuwa in na hango shi sai in shige bayan masu tumatir.

Inna kuma duk Juma'a sai ta aiko mini da tuwo. Ta ba ni hularka ta zanna, wadda ka yi angonci da ita. Tana gaya wa mata cewa da kowa ya tsaya kallo Bashari ne ya rama mata. In na je gaishe ta sai ta kama hannuna na dama, wannan hannun dai, ta shafa ta sa masa albarka. Ka san abin da mutum ke ji?

Wani lokaci kai nake jin haushi. Me ya sa ka bar mini? Ka fi ni ƙarfi, da ka ƙara mini gwiwar hannu ɗaya ka ɗauki jarka, da takalminka yana ƙafarka, don ita ba ta da abin murɗawa a tsakiyar waƙa. Me ya sa ka yi dariya ka ce a ba ɓera? Me ya sa ba ka sayo batir ɗin da kanka ka jefe ni da shi ba? Sai in tuna kai ba ka taɓa buɗe filogi ba a rayuwarka, don kana da ni. In an tambaye ka ko kayan lafiya, cewa kake Bashari ya duba.

Shekara guda da watanni na rayu a kan uzuri ɗaya. Na ce wa kaina fedar ce mai gurnani, irinta ce haka, ba yadda za a yi a kashe shi sai ta hanyar da na bi, kowane mai gyara haka zai yi. Laifin sai ya rabu, kaɗan nawa, kaɗan na wanda ya ƙera ta, kaɗan na mai gwanjo. Da wannan nake iya cin tuwon Inna.

To mai gwanjo ya sake kawo uku saboda Lado. Da na zazzage buhun, Isyaku, ga shuɗiya, irin taka sak, sai dai fentin gefenta ya goge. Na so in mayar masa ba tare da na taɓa ba. Amma ka san ni, ba na iya barin layi babu maki. Na sauko da jitarka, karo na farko, na sa mata sababbin tsirkiyoyi, na tsaya a kan busasshen katako da takalmi. Kwana huɗu ina gwadawa yadda na yi a da. Ɗaya tana da maɓallai har biyar, amma duk inda ka murɗa hanci take magana da shi. Ɗaya tana cinye muryar jita ko a kashe take. Shuɗiyar ta sake wucewa. In ka shafa ta yi laushi, in ka doka ta fashe, masu kaurin ba sa cakuɗewa. Na jona mata tsohuwar adaftarmu, na kai zafin sama, gurnanin ya taso, shi ɗin dai, kamar jiya. Na ji sanyi a raina, Allah ya yafe mini. Na ce ka gani, halinta ne.

Layi ɗaya ya rage a shafin, na gwada ta da batir, wanda ban taɓa cikewa ba. Jiya na rubuta shi a aikin safe don kada in gudu.

Yau da safe na zare adaftar, na kwance murfin ƙasa, na sa batir. Na kai zafin har ƙarshe. Na saki tsirkiya.

Shiru, Isyaku. Ɗan huci kawai, kamar numfashin mai barci. Na kara kunne a jikin sifika. Na mayar da adafta, gurnani. Na mayar da batir, shiru. Sau bakwai na yi, ina fata sau ɗaya ya saɓa. Adaftar banza ce mai ƙazamar wuta, ita ce duk abin. Fedar ba ta da laifi. Mai gwanjo ba shi da laifi. Ka faɗi maganin da bakinka kana ɗaure rigar jita, kantin da ke sayar da shi yana kallon shagona, na zaɓi filaya don kada a ce ɓera ya yi kuskure a layi ɗaya. Na ɗauki adaftar na maka ta da bango, ta dawo ta fasa mini goshi. Jinin ne ya ɗiga a saman shafin nan, ba shayi ba.

Zaɓin dai na yi, tun da shi aka sa ni. Shuɗiyar zan ba Lado. Har yanzu ita ce wadda za ta yi musu yinin mata ta yi musu filin samari, ban yi kuskure a nan ba, kuma wannan ma wani ciwon ne. Zan ba shi da batir a ciki da wani a aljihu. Zan gaya wa mutumin Kara ya sunkuya ya murɗa da hannu tsakanin waƙa da waƙa, in na ga ƙafarsa ba takalmi ni da kaina zan kashe inji. Amma ba zan miƙa ta ba sai na je Durun. In na ba su feda bakina a rufe, a bikin farko za su hana mai inji kafa rodi, don yanzu duk yankin nan an yarda rodi ke kisa. Na ji an ce har an fara tumɓuke su. Ƙaryata ba ta tsaya a hannun Malam Tukur ba, tana nan tana yawo tana neman wani mai jita.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. 'Ya'yansa manya ne, uku, kuma sandunan kiwo ba su bar gidan ba. In sun karya ni ban ce sun yi zalunci ba. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne zauren Inna, da hannun da za ta janye. Ban san ko zan iya ba. Na sha rubuta abu a aikin gobe in wayi gari in ja masa layi in ce ba lokaci. Shi ya sa na gaya maka tukuna. Kai ba ka taɓa barina in janye magana ba.

Ban ce ka yafe mini ba, ban kai nan ba tukuna. Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sanyaya maka abin da hannuna ya ƙona. Ka huta, makaɗi.

Naka, ɓeran bayan sifika,
Bashari

Na gobe:
1. In fito da filogin daga gwangwani, kada in taɓa tef ɗin.
2. In goge shuɗiya, in bar batir a ciki, in ajiye wa mai gwanjo sauran biyun.
3. In ce wa Lado ya raka ni, ya ji da kunnensa.
4. Motar farko ta Kabo, daga nan babur zuwa Durun.
5. In tsaya ta ɓangaren kunnensa mai ji. In faɗa a ƙofar gida, da ƙarfi, ba a zaure ba.
6. In na dawo da ƙafata, gidan Inna. In tafi da hular.